A gyara agogo kafin a yarda da bugun fulsa

Ɗalibin fizik a Jos da ke son nazarin ɓarkewar hasken eksire daga fulsa ba ya bukatar madubin hangen taurari. Wannan haske ba ya ratsa iskar duniya, ko a ƙolin Dutsen Shere aka kafa na'ura ba abin da za ta kama. Daga na'urorin da aka kai sararin samaniya irin su Swift da NICER da NuSTAR bayanan ke zuwa, kuma kyauta ake sauke su daga rumbun HEASARC na NASA. Wahalar tana farawa ne bayan an sauke.

Fulsa tauraron nutiron ne mai juyawa, nauyinsa kamar ninki 1.4 na rana, faɗinsa kuwa kilomita 20 da 'yan kai. A irin tsarin da ake magana, yana kewaya wani ƙaton tauraro irin wanda ake kira Be, wanda tsananin juyinsa ya sa ya tara iskar gas a ƙugunsa kamar faifai. Hanyar kewayen siffar ƙwai ce, don haka duk lokacin da fulsa ya matso sai ya yagi gas ɗin, maganaɗisunsa ya karkata shi zuwa ƙuryoyinsa biyu, ya faɗa da gudun da ya kusa rabin na haske. Wannan ne ke haifar da ɓarkewar hasken. Fulsa mai suna EXO 2030+375 kan yi haka kusan kowane kwana 46. Akwai kuma babbar ɓarkewa wadda ba ruwanta da wannan jadawali, takan ɗauki makonni. A0535+26 ya yi irinta a Nuwamban 2020, har ya haura ninki goma na hasken Crab, wato ɓaraguzan wani tauraron da ya fashe da ake amfani da su a matsayin ma'aunin hasken eksire.

Darasin da ya fi kowanne tsada shi ne na lokaci. Duniya na gudun kilomita 30 a daƙiƙa a kewayen rana, wannan kaɗai na sauya tazarar bugu da kashi ɗaya cikin 10,000. Ga A0535+26 mai bugu kowace daƙiƙa 103, kuskuren ya kai daƙiƙa 0.01, kuma ya isa a yi zaton tauraron ya ƙara sauri. Sai a fara da barycorr, shirin kwamfuta da ke cire tasirin motsin duniya daga lokutan, a rubuta masa ainihin matsayin tauraron da hannu, kada a bar shi ya ɗauki inda na'urar ta fuskanta. Bayan nan a cire tasirin kewayen fulsa ɗin kansa, wanda ke ɗaukar kwana 111. Ƙarin saurin da gas ke jawowa gaskiya ne, amma sai an share waɗannan biyu ake ganinsa. Tauraron ɗan'adam kuma na ɓuya bayan duniya kowane minti 90 da ɗoriya, giɓin nan ne ke haifar da tsaunukan ƙarya a gefen na gaskiya a zanen sakamako idan an gudanar da efsearch, shirin neman tazarar bugu. Mafi tsayi ba lallai shi ne daidai ba.

Na biyu, haske idan ya yi yawa na'ura takan yi ƙarya. A XRT, madubin eksire na Swift, yanayin PC (na ƙirga ƙwayoyin haske) na karanta hoto kowace daƙiƙa 2.5. Da zarar ƙirga ya wuce kamar 0.5 a daƙiƙa, ƙwayoyin haske biyu kan faɗa wuri ɗaya a lissafa su ɗaya mai ƙarfin biyu. Sai hasken ya ragu a lissafi, bakansa ya yi tauri (wato ya karkata zuwa ƙwayoyi masu ƙarfi), wani lokaci har tsakiyar tauraron ta fito da rami. Maganin shi ne a yanke tsakiyar, a ɗebi zobe, a sake haɗa fayil ɗin ARF, wanda ke nuna yawan hasken da na'urar ke iya kamawa. Nan ake yawan tuntuɓe: a yanke, a manta da ARF.

Layin saiklotiron, wani rami da ke bayyana a bakan hasken, shi ne ke auna maganaɗisu: kusan keV 11.6 (ma'aunin ƙarfin ƙwayar haske) ga kowane gaus (ma'aunin maganaɗisu) tiriliyan ɗaya. Na A0535+26 yana wajen keV 45, XRT kuwa a 10 yake tsayawa, sai dai NuSTAR mai kaiwa 79. Ramin da ya bayyana da tsari ɗaya tak a XSPEC, shirin nazarin bakan haske, ya ɓace da aka canza tsari, ban ga dalilin kiransa layi ba.

Kada a yar da wutsiyar ɓarkewa don ta dushe. A can ne 4U 0115+63 ya nuna faɗuwar haske kwatsam a 2015, lokacin da maganaɗisu mai juyawa ya fara watsar da gas kamar farfela.

Inda ƙaramin madubi zai yi amfani a Jos shi ne abokin A0535+26, wato V725 Tau, mai haske a mataki na 9 a ma'aunin hasken taurari. Layinsa na H-alfa, jan hasken da iskar haidurojin ke fitarwa a nanomita 656.3, kan ƙarfafa idan faifan ya cika. Tauraron na kusa da tsakar ka da tsakar daren Disamba, daidai lokacin da hazo ke rufe sama, don haka a fara awo tun Oktoba, da asuba.