Ga mai son haɗa falsafar Buda da ta Turawa

Ƙannena, in kuna son wannan fanni ya zama aikinku a jami'a, ku fara da harshen da aka rubuta littattafan da shi. Ni da fassarar Turanci na fara, na kuwa ji a jikina.

Kamanni ne suka ruɗe ni. David Hume, masanin falsafa ɗan Scotland, ya rubuta a 1739 cewa duk sa'ad da ya leƙa cikin kansa ba ya tarar da wani tsayayyen abu, sai ji da tunani masu shuɗewa. Buda ma ya koyar da cewa babu dawwamammen kai. Na ce shi ke nan, bakinsu ɗaya, na zauna na rubuta maƙala. Wani malami masanin Pali, harshen tsoffin nassosin Buda, ya karanta, ya yi mini tambaya ɗaya: me kowannensu yake nema da wannan magana? Na yi tsuru-tsuru. Hume iyakar sanin ɗan Adam yake aunawa. Buda kuwa wahala yake nema wa magani, kuma maganarsa tana tafe da horon zuciya da batun sake haihuwa, abubuwan da na share don sun ƙi shiga hujjata.

Nassosin Theravada, ɗaya daga cikin mazhabobin addinin Buda, da Pali suke. Nagarjuna da Dharmakirti, manyan masana falsafar Buda na Indiya, da Sanskrit, tsohon harshen ilimi na Indiya, suka yi rubutu, amma littattafai da yawa asalinsu ya ɓace, sai a fassarar Tibet ko ta Sin ake samunsu. Ku zaɓi harshe ɗaya ku ba shi shekaru. Al-Biruni ma sai da ya koyi Sanskrit kafin ya rubuta littafinsa kan Indiya wajen 1030. Kada kuma ku tsallake masu sharhi. Wanda ya zauna a zauren malam ya san ba a shiga matani babu sharhi. Haka baitocin Nagarjuna suke in babu masu sharhi irin su Candrakirti, domin a dunƙule suke ƙwarai.

Sai maganar neman aiki, wadda na yi sakaci da ita. Sashen falsafa zai ce ku 'yan nazarin addinai ne, sashen addinai ya ce falsafarku ta yi yawa. Ku ƙware a wani reshe da kowa ya sani, mantiƙi ko falsafar ɗabi'a, wanda za ku iya koyar da 'yan aji ɗaya. Ku nemi masu duba digirinku biyu tun farko, ɗaya masanin nassi, ɗaya mai ƙwaƙular hujja, ku kuma tabbatar suna ga maciji da juna kafin ku sa hannu.