Laraba: tambayar da Auta bai yi ba

Da safe komai lafiya lau. Aikin tsaftace bayanan nan da na daɗe ina ɗagawa, na zayyana wa Copilot, manhajar AI mai taya rubuta kod, abin da nake so, kafin in gyara zama ya zubo mini kod ɗin Python, yaren da nake rubuta manhaja da shi. Na bi shi layi-layi, na sauya wasu sunaye, ya tafi daidai. Wallahi irin wannan aiki mai gundura ba na kewarsa ko kaɗan.

Da rana sai ga Auta, yaron da muke aiki tare, murna fal fuskarsa. "Yaya, na gama sashen lissafin kuɗin, zo ka gani." ChatGPT ne ya rubuta masa, bai ɓoye ba, ni ma ban ga laifin hakan ba. Kod ɗin tsaf, har da bayani a gefen kowane sashe. Sai idona ya faɗa kan inda aka ajiye kuɗin, a float, wato nau'in da kwamfuta ta saba ajiye lamba mai ɗigo a ciki.

Na ce, "Me ya sa float?"

Ya ce, "Ai yana aiki, Yaya. Na gwada."

Na sa shi ya buga 0.1 + 0.2. Allo ya nuna masa 0.30000000000000004. Ya tsura masa ido, ya sake bugawa, amsar ba ta canza ba. Na yi masa bayani cewa kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirge, kuma a wannan ƙirgen 0.1 ba ya da ƙarshe, yadda ɗaya bisa uku ba ya ƙarewa a namu. Ɗan ragowar nan taruwa yake a hankali, sai ranar haɗa jimilla lissafi ya ƙi cika, a rasa inda aka yi ɓatan kai. Shi ya sa kuɗi sai Decimal, nau'in da ke ajiye lamba da ƙirge irin namu na goma-goma.

Ya koma ya tambayi ChatGPT ko float ya dace da kuɗi. Nan take ya ce masa a'a, ya kawo dalilin, ya sake rubuta komai da Decimal. Bayaninsa ma ya fi nawa tsari.

To, wannan ne ya tsaya mini a rai har yanzu. Amsar tana nan tun farko, jira take a tambaya. Auta kuwa bai san akwai abin tambaya a wurin ba. Mu mun san wannan ramin ne don mun kwana muna neman inda lissafi ya karkace, har abin ya zauna mana a ka. Shi kuma an miƙa masa kod mai kyan gani wanda ya ci gwajin farko, me zai sa ya yi shakka? Ban manta ba, a Disambar 2022 Stack Overflow, dandalin tambaya da amsa na masu rubuta kod, ya hana saka amsoshin ChatGPT kan irin wannan dalili: suna kama da daidai, gano kuskurensu sai wanda ya san aikin.

Yaron yana da kai, shi ya sa abin ke damuna. Ba na so in hana shi kayan aikin da ni kaina nake mora kullum.

Oga dai sauri yake gani, yana ta yabo.

Ciwon wuyan nan ya dawo. Ban kira Yaya Babba ba.

Gobe zan ce wa Auta ya rubuta gwaje-gwajen sashen nan da hannunsa, kuma duk layin da ya kasa yi mini bayaninsa ba zai shiga manhajar ba. Na san zai ɓata rai.