Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Mil 12

Makon jiya mun tsaya a inda aka maida ni Apapa, hedikwatar rundunar sojan ruwa ta yamma. Ni da na tashi a Haɗeja, iyakar ruwan da na sani kogin garinmu, sai ga ni cikin farin kaki ina kallon teku safe da yamma. Hajiyarmu, Allah Ya jiƙanta, har ta rasu ba ta yarda lauya na da abin yi a kan ruwa ba. Takan ce, "Kai ɗan nan, kifi za ka yi wa shari'a?"

A makarantar sojan ruwa da ke Onne an koya mana fareti da sara wa manya, amma dokar teku sai da na sake zama ɗalibi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku da aka sa wa hannu a Montego Bay ta ƙasar Jamaica a 1982 ta ce mil 12 na teku daga gaɓa ruwan ƙasa ne. Wanda ya tare jirgi a ciki, ƙasar ce kaɗai ke da iko da shi. In an wuce nan, ya zama ɗan fashin teku, jirgin yaƙin kowace ƙasa na iya damƙe shi. Shi ya sa in yaranmu suka kawo mutane, tambayata ta farko ita ce a ina abin ya faru. Wani ƙaramin hafsa ya taɓa ce mini, "Oga, a cikin ruwa mana." Na ce masa alƙali lambar wurin a taswira yake so, da lokaci, da littafin jirgi.

Abin da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya shi ne a lokacin Najeriya ba ta da dokar da ta keɓanta da fashin teku. A kamo mutum da ƙyar, ka zauna kana laluben tuhumar da za ta riƙe shi. Sai a Yunin 2019 Shugaba Buhari ya sa wa dokar hannu. A Mayun 2020 sojojinmu suka ƙwato jirgin kamun kifin 'yan Sin, Hai Lu Feng 11, daga hannun 'yan fashi, a Yulin 2021 kuma Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure mutum 10 shekara 12 kowanne. Ba ni na riƙe takardun ba, amma ranar sai da na kira tsohon Kwamandana muka yi barka.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan kawo ranar da aka zaunar da ni a kotun soja, wanda ake tuhuma kuma abokin horona ne.