Godiya ga duk wanda ya tsaya mini har kotu ta wanke ni

Gaisuwa da yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu zuwa ga 'yan'uwa da abokan arziki na Aboabo, Asawase, Sawaba, Tafo Zongo da duk inda wannan saƙo ya iske ku. Kamar yadda yawancinku kuka ji, kotu ta sallame ni, ta kuma wanke ni daga zargin satar huhunan goro da aka ɗora mini bara. Tun da na dawo ƙofarmu ba ta rabu da masu zuwa barka ba, ƙafata kuwa ba za ta iya zaga gidajenku ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na ce bari in rubuta. Yaba kyauta tukwici.

Ga wanda bai san tushen maganar ba, ni ne akawun wani siton goro a nan Kumasi. Ni ke rubuta huhun da ya shigo daga ƙauyuka da wanda aka loda wa motocin Kano da Sakkwato. Da lissafi ya ƙi cika, sai wani babba a wurin ya ja ni gefe, ya ce in gyara littafi yadda laifin zai faɗa kan wani yaro ɗan dako, baƙo daga arewa, wanda ba shi da kowa a garin nan. Na ce masa hannuna ba zai rubuta abin da idona bai gani ba. Ba a jima ba sai ga 'yan sanda a ƙofar gidana, abin da aka shirya wa yaron ya dawo kaina.

Godiyata ta farko bayan Allah ta maman yara ce. Tun kafin kiran asuba take tashi ta dama koko ta soya ƙosai, ta sayar, sa'an nan ta hau trotro da kwanon tuwo a ɗaure cikin zane. A bakin ƙofa sai ta ɗanɗana abincin a gaban gandiroba kafin a karɓa. Wanda ya san cewa a baya an yi shekara da shekaru kuɗin abincin ɗan fursuna a ƙasar nan bai kai sidi 2 a rana ba, zai gane darajar kwanon nan. Mu huɗu muke sa hannu a ciki.

Sai Alhaji, mai gidan da muke haya. Tun 2016 Kotun Ƙoli ta Gana ta yanke cewa kotu na iya ba da beli a kan kowane irin laifi, amma samun beli daban, cika sharaɗinsa daban. An ce sai mai tsaya mini ya ajiye takardar gida ko ta fili. Talaka baƙo ina ya ga wannan? Alhaji ya ɗauko takardar gidansa ya nufi kotu. Wasu danginsa sun ce masa, Kirista ne fa, in ya gudu ka yi yaya? Ya ce mutumin da ke tattara kuɗin wuta na gidan nan shekara da shekaru, ko fesuwa ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba, ba shi ne zai saci goro ba. Baba Alhaji, Allah ya saka maka da alheri, ya raya maka zuriya. Mutane sun yi ta mamaki a 2019 da Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya halarci sujadar Ista a cocin Katolika na Christ the King a Ankara, babban birnin Gana. Mu da muke zaune a zango mun san abin ba baƙo ba ne.

Baba Fasto da dattawan ikkilisiya, na gode. Zumuntar mata, ku kuka biya wa yarana kuɗin makaranta ba tare da kun yi shela ba. Lauyata, wadda ta haƙura da abin da aka iya tarawa, ta jure ɗage shari'a bayan ɗage shari'a, Allah ya ƙara basira. Da kuma direban da ya bar lodinsa ya zo da takardar kaya mai ɗauke da sa hannun wanda ya fitar da goron da dare. Takardar nan ita ta kashe maganar.

Akwai magana biyu da na sha ji, kuma daga bakin masu ƙaunata suka fito. Ta farko, wai in binciki kaina, wataƙila akwai wani ɓoyayyen zunubi da Allah yake hukunta ni a kai. Haka abokan Ayuba suka ce masa, a ƙarshe kuwa su Allah ya tsauta wa. Manzo Bitrus ya raba abin sarai a wasiƙarsa ta fari, sura 2 aya 19 zuwa 23: wanda aka doke shi don laifinsa ya jure, ba abin yabo a ciki, amma wanda ya yi nagarta ya sha wuya dominta ya kuma jure, wannan abin karɓa ne a wurin Allah, gama Almasihu ma hanyar da ya bi ke nan. Ba wanda ya yi mana alkawari ranar baftisma cewa gaskiya za ta hana mu shiga gidan yari. Yusufu don ya ƙi zunubi ya shiga kurkuku, mai shayarwar Fir'auna kuma ya manta da shi har shekara 2.

Ta biyu, wai in bar wa Allah, kada in ɗauki lauya, domin mai bi ba ya jayayya. Wannan ma ban yarda da ita ba. Da aka mari Yesu a gaban babban firist, ya tambayi mai marin dalili, Yahaya 18:23. Bulus da Sila sun yi waƙar yabo da tsakar dare a kurkukun Filibi, ƙafafunsu a turu, amma da gari ya waye aka ce su fita a ɓoye, Bulus ya ce atafau sai mahukuntan sun zo da kansu, tun da an doke su a bainar jama'a ba shari'a, alhali su Romawa ne. Abin da aka hana mu shi ne ramuwa da ƙarya. Faɗin gaskiya a gaban alƙali ba a hana mu ba.

A kan haka nake roƙon samarinmu. Na ji kuna shirin zuwa gidan mutumin nan. Kada ku je, kada kuma ku taɓa 'ya'yansa da baƙar magana, ba su ci ba, ba su sha ba. Ban ambaci sunansa a nan ba, ku ma ku bar shi. Zuciya ba ta yin sanyi a rana ɗaya, amma ina yi masa addu'a, ku taya ni.

Na baro mutane a ciki waɗanda ba su da Alhaji, ba su da zumuntar mata. Tsarin mulkin 1992 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin awa 48, amma bayan zuwan farkon nan mutum na iya daɗewa yana jiran shari'a, dangi ba su ma san inda yake ba. Saboda irinsu aka fara shirin Justice for All a 2007, inda alƙalai ke zama a cikin gidan yari su duba maganarsu, sai dai masu jira suna da yawa. Ranar Lahadi mai zuwa za mu yi sujadar godiya a majami'armu, kowa da kowa muna gayyata, Kirista da Musulmi. Kada a kawo mini komai. Mai niyya ya zo da sabulu, garin rogo, sukari ko silifa, Baba Fasto da dattawa za su kai musu ranar ziyara.

Naku cikin Almasihu,
ɗan'uwanku na Aboabo, Kumasi