Lambun buhu a tsakar gida: inda muka kwana a mako na 9

'Yan uwa masu koyon lambun buhu, barkanmu da sanyi. Rabona da ba ku labari tun ranar da alayyahuna na farko ya ƙone, shi ya sa yau zan ɗan ja zancen.

Ga waɗanda ba su san tsarin gidana ba, yara uku nake koyar da karatun boko a gida. Babbar tana da shekara 10 (kun san ba a kama sunan 'yar fari, ku yi mini uzuri), na tsakiya 7, auta 4. Mun soma ne lokacin da aka rufe makarantu saboda korona a watan Maris na 2020. Da aka buɗe, ni da baban yara muka ga babbar ta fi gane karatu a gabana, sai muka ci gaba. Islamiyya kuwa suna zuwa da yamma kamar 'ya'yan kowa, a can suke samun abokan wasa.

Buhu 12 gare mu yanzu, duk tsofaffin buhunan shinkafa masu cin kilo 50, na naɗe bakinsu har rabi na jera su a jikin katangar da rana ke bugawa daga hantsi zuwa azahar. Huɗu alayyahu, uku tumatir, biyu kuɓewa, biyu yakuwa, ɗaya kuma na auta ne, ya zuba wake da masara da ƙwallon dabino a ciki, ba mai taɓa masa.

Bari in koma kan ƙonewar nan, don wasu sun ce mini abin ya same su. Kuskure biyu na haɗa a lokaci guda. Na ɗebo kashin awaki ɗanye daga garken maƙwabta na cuɗa da ƙasa na shuka a ranar. Ɗanyen taki zafi gare shi, yana ƙona saiwar tsiro tun tana jaririya. Sannan ban huda gindin buhun ba, ruwa ya kwanta ƙasa ta zama caɓi. Kwana 5 tsiro ya fito gwanin sha'awa, kafin sati ya zagayo ya yi ɗorawa ya kwanta. Hajiya, mahaifiyar baban yara, da ta zo ta leƙa buhun ta shinshina, ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ai girki kika yi wa shukar." Ita ta sa muka nemo tsohon taki wanda ya ruɓe ya yi baƙi, ba ya wari sai ƙamshin ƙasa. Ɗanyen kuma muka tara shi a lungu muna yayyafa masa ruwa, muna juya shi duk sati, sai wata shukar.

Haɗin da ya karɓe ni shi ne bokiti 2 na ƙasa, 1 na ruɓaɓɓen taki, 1 na yashi. A huda gindi da gefe da ƙusa mai zafi, kamar huji 10 zuwa 15, a ɗora buhun a kan bulo ko duwatsu don ruwa ya samu hanya. Irin alayyahu ƙanana ne ƙwarai, in ka watsa shi haka sai ya taru wuri ɗaya, don haka a gauraya shi da busasshen yashi tukuna.

A wurin haɗin ƙasar nan ne na tsakiya ya gane abin da na yi wata biyu ina zana masa a allo bai shiga ba. Na ce masa bokiti nawa muka zuba gaba ɗaya? Ya ce huɗu. Nawa ne ƙasa? Biyu. Sai ya tsaya ya kalli tulin, ya ce, "Umma, ashe biyu cikin huɗu rabi ne." Wallahi sai da na ajiye shebur na zauna.

Wannan ya kawo ni abin da na fi so in faɗa muku, musamman ku da kuke koyar da yara a gida kamar ni. Sau uku ina rubuta jadawali a takarda ina mannawa a ƙofar kicin: ƙarfe kaza Turanci, ƙarfe kaza lissafi, ƙarfe kaza shara. Babu wanda ya kai kwana huɗu. Ko a kawo wuta mu watse kowa ya kama guga da cajin waya, ko mai ruwa ya makara, ko baƙuwa ta yi sallama da hantsi, tunda a ganin mutane matar da ke gida ba ta da aikin yi. Takarda ba ta kuka in an saɓa mata. Amma alayyahu in ba a ba shi ruwa da sassafe ba, kafin azahar ya yi yaushi, yara na gani da idonsu. Sai ya zamana ban ruwa ya kafa mana turke, sauran ayyukan suka ɗaure a jikinsa. Bayan sallar asuba tilawa, gari na wayewa ban ruwa, daga nan koko, sannan a shimfiɗa tabarma a fara darasi kafin rana ta kai bakin rijiya. Ban ƙara rubuta ƙarfe nawa ba, abin da ke bin wani kawai muka riƙe. Ranar da muka makara, duka jerin ne ke matsawa, ba abin da ke faɗuwa.

Na kuma koyi ɗora sanwar rana tun kafin a zauna darasi. Wake ko shinkafa na kan wuta, ni ina kan tabarma, babbar na tashi ta duba. In na bari sai an tashi karatu, yunwa ce ke tashinmu, kuma da faɗa ake rabuwa.

Ruwa shi ne babban kashe kuɗin. Kowane buhu na shan kusan lita 2 da safe a wannan sanyin, 12 sau 2 ya ba da 24, jarkar mai ruwa kuma lita 25 ce. Na tsakiya ne ya yi wannan lissafin, yanzu shi ne ma'ajin ruwa, kuma litar da ta rage ta buhun auta ce a matsayin gyara. Muna tara ruwan wankin shinkafa da na alwala a bokiti guda don rage sayen. Ruwan wanke-wanke mai omo da maiƙo kam ban yarda a zuba ba.

Alayyahu na biyu ya yi kyau. Mun yi yankan farko a mako na 7, na bar kamar tsawon yatsa a gindi, ga shi ya sake tofowa. Miyar ba ta fi ta kwana ɗaya ba, amma an ci tuwo ranar har da neman ƙari. Yakuwa na tafiya ba ruwanta da kowa.

Kuɓewa ce ta ba ni kunya. Na jiƙa irin ya kwana a ruwa kamar yadda ake yi, ya fito, sai ya tsaya cak. Babbar na auna shi da rula duk Asabar tana rubutawa a littafinta, sati uku bai ƙara santimita 4 ba. Laifina ne, kuɓewa shukar zafi ce, ba ta son hunturu. Na bar ta a wurin don babbar ta ci gaba da awo, mu ga ko za ta motsa in zafi ya fara shigowa a ƙarshen Fabrairu. Duk mai niyyar shuka ta yanzu, ya adana irinsa.

Tumatir kuwa yanzu ne lokacinsa, shi ya sa manoman rani na Kadawa da Kura suke cika kasuwa da shi a watannin sanyi. In zafi ya yi yawa furensa zubewa yake. Na rene shi a tsohuwar roba sati 4, na dasa da yamma bayan la'asar, biyu a kowane buhu. Kwana biyu ya yi yana langaɓe kamar ba zai tashi ba, a rana ta uku ya miƙe. Ƙadangaru suka cinye mini guda ɗaya, kajin maƙwabta suka tone wani, sai na yanka tsohon gidan sauro na kewaye buhunan da shi a kan sanduna. Ba kyan gani, amma ya yi aiki.

Shekaranjiya babbar ta kira ni ta nuna mini wani farin zane mai lanƙwasa a cikin ganyen tumatir, kamar an ja layi da alli. Gabana ya faɗi, don na tuna tsutsar nan da manoma ke kira Sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016 har tumatir ya gagari talaka. Akwai wani ɗan ƙuda ma da tsutsarsa ke irin wannan zanen, nata siriri ne, na Sharon ya fi faɗi kamar tabo. Namu siriri ne. Duk da haka mun tsinke ganyen da ya kamu mun jefa a murhu. Na daka ganyen darbejiya, na jiƙa ya kwana, na tace da tsohon ɗankwali, na ɗiga sabulu kaɗan don ya kama ganye, muka fesa da yamma har ƙarƙashin ganyen. Na tsakiya ya ɗanɗana ruwan a ɓoye, fuskarsa ce ta tona shi.

Sati mai zuwa za mu kafa wa tumatir sanduna mu ɗaure shi da tsumma, kuma ina so in gwada renon attaruhu, in Allah ya yarda. Wadda ta taɓa renonsa a cikin sanyi ta gaya mini ko rufe robar da leda da dare yana taimakawa, don na ji yana da nawar fitowa. Buhun auta kuma sai an sake shuka, jiya ya tuge waken gaba ɗaya wai yana so ya ga ko ƙafarsa ta fito.