Sun kira ni likita, ni kuma na amsa

Ƙannena masu shirin fitowa daga makarantar jinya, musamman ku da kuka zaɓi ɓangaren ƙwaƙwalwa, akwai wata kalma da ke jiranku a ƙauye. Kafin ku isa ƙofar asibiti daga tasha, an ce muku "sannu da zuwa likita" ya fi sau goma. Ni da aka tura ni wani asibitin ƙaramar hukuma a Jigawa na ji daɗin kalmar nan, ban kuma gyara wa kowa ba. Likita ɗaya gare mu, shi ma ba a garin yake kwana ba.

Abin da ke hannuna shi ne rajistar Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda dokar 1979 ta kafa: ta farko a matsayin nas, ta biyu bayan ƙarin karatun jinyar masu taɓin hankali. Aikin da ta ba ni a fili yake. In lura da mara lafiya, in auna shi, in rubuta abin da na gani, in ba da maganin da likita ya rubuta, in sa ido kan illarsa, in wayar wa dangi kai, in tura wanda ya fi ƙarfinmu asibitin masu taɓin hankali na Kazaure ko Dawanau. Babu inda aka ce in yanke wa mutum cuta a zaure in zaɓa masa allura.

Wata bazara, bayan sallar isha, wani dattijo ya buga mini ƙofa. "Likita, ka taimaka, yaron nan ya zauce." Na goya shi a babur muka bi yashi zuwa ruga-rugan da ke bayan gari. Saurayi ne ɗan shekara sha bakwai, an ɗaure masa hannu da igiyar guga a jikin dirkar rumfa. Yana ihu, yana zagin mahaifiyarsa, yana kare idonsa daga hasken tocila. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, ƙaurin habbatussauda ya cika gidan. Mutane sun kewaye ni suna jiran su ga abin da likita zai yi.

Na taɓa shi na ji zafi, na ce ai zafin gari ne da kokawar da ya sha. Tamomita, ma'aunin zafin jiki, na cikin jakata, ban ciro ba. Ban ɗaga kansa na ga ko wuya na lanƙwasuwa ba. Ban tambayi yaushe ciwon kai ya fara ba, alhali uwar ta faɗa sau biyu daga bayan zana, "tun jiya yake kukan kansa." Na ja Largactil, allurar kwantar da masu taɓin hankali, a sirinji na soka masa. Ba a jima ba ya yi laushi, aka kwance igiya, gida ya ɗauki kabbara. Dattijo ya cusa mini ƙwan zabi a leda.

Kwana biyu bayan haka aka kawo shi a amalanke, ba ya gane kowa, wuya ya sandare kamar icce. Sanƙarau ne. Duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan ya san ɓarnar da cutar ta yi a 1996, kuma a aji an nanata mana cewa zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai, da sanƙarau, da faɗuwar sikari, duk suna sa mutum sambatu da duka. Saurayin da lafiyarsa ƙalau shekaranjiya, yau ya rikice da zafin jiki, jikinsa ake fara bincika. Na sani sarai. Allurata ta rufe bakin da ke ihu, shi ya sa gidan suka zauna suna jiran ya farka.

Likita bai yi mini faɗa ba. Ya ɗago daga kan fayil ya ce, "Malam, daren nan nawa zafin jikinsa ya kai?" Na yi shiru. "Hawan jininsa fa, kafin ka ba shi?" Shiru. Matiron ɗinmu, wadda ta kusa haifata, ta kira ni ofis ta rufe ƙofa. Ta ce, "Ɗana, aikin likita ka je yi ba ka iya ba, naka kuma ka baro shi a jaka." Wannan ne ya fi ci mini rai har yau. Da na tsaya a matsayina na nas, awo kawai ya isa ya sa in ce a ɗauko shi asibiti a daren.

Na san abin da za ku ce, don ni ma na faɗa: ƙauye ne, ba likita, a bar mutum a ɗaure? Kuma ga tsarin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya buɗe wa ma'aikatan matakin farko ƙofar kula da masu larurar ƙwaƙwalwa. Haka ne. Amma da horo ake shigarsa, da littafi a hannu, da na sama mai dubawa, kuma shi kansa littafin cewa ya yi a fara kawar da ciwon jiki. In dare ya ritsa da ku, ku auna, ku kira likita a waya ko da kun tashe shi daga barci, ku rubuta abin da ya ce da lokacin da ya faɗa. Ni ko takarda ɗaya ban rubuta ba, don haka da majalisar ta kira ni gaban kwamitin ladabtarwarta, wanda ke iya dakatar da mutum ko soke sunansa, ba ni da abin nunawa. Ba a kai ƙara ba. Iyayen sun ce ƙaddara ce.

Sauran tarkunan ƙanana ne, amma ku kiyaye. Samari za su zo da murmushi a rubuta musu Exol, ƙwayar da wasu ke sha don maye, wai wuyansu na ƙagewa, mai kemis zai so ya riƙa cewa "likita ne ya turo." Lasisi kuma lokaci-lokaci ake sabuntawa bayan kwas, nawa ya taɓa mutuwa ina ta aiki ban lura ba. Sannan ku nemi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958. Ku karanta abin da ta ce kan haƙƙin mara lafiya da ɗaure shi, don za ku tarar da mari da igiya a gidaje da yawa.

Yaron ya rayu, sai dai kunnensa ya tafi. Yanzu wankin hula yake yi a bakin kasuwa. Ranar kasuwa in na wuce yakan ɗaga mini hannu, mahaifinsa kuma ya taso daga tabarma ya kama hannuna da hannu biyu, yana gaya wa na kusa da shi cewa ga likitan da ya zo musu cikin dare. Nakan ce, "Baba, nas ne ni." Sai ya yi dariya ya ce duk ɗaya ne.