Na taɓa manhajar motata tana cikin garanti

Canza saitin manhajar mota hawa uku ne, kuma duka ukun na taka a mota ɗaya tun garantinta bai ƙare ba. Na farko shi ne abin da kamfani ya ajiye maka a allon dashbod: hasken fitilun ciki, kulle ƙofofi idan mota ta tashi, tuƙin tsimin mai ko na gudu. Wannan ko kullum kake juya shi babu mai ce maka uffan, dama don a juya aka yi shi.

Na biyu shi ne saitin da aka ɓoye. Na samo 'yar na'urar da ake cusawa a soket ɗin OBD, inda makanike ke jona kwamfutar binciken mota, mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda doka ta wajabta a motocin Amurka tun 1996, Turai ta biyo baya a 2001 ga masu shan fetur. Na haɗa ta da waya, na adana saitin asali tukuna, sannan na sa madubai su riƙa naɗewa in na kulle mota, na kuma hana injin kashe kansa duk lokacin da na tsaya a danja. Da na kai sabis wurin dila suka sabunta manhajar, canje-canjen suka goge, babu wanda ya tanka.

A hawa na uku ne maganar garanti ta taso. Na kai ta wurin mai ƙara wa inji ƙarfi, ya sake rubuta ƙwaƙwalwar injin: yawan man da ake fesawa, matsin iskar turbo (na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji), lokacin da fulogi ke ba da wuta. Kamfani da gangan yake barin rata tsakanin abin da inji zai iya da abin da aka bari ya yi, saboda zafi, da mai maras kyau, da dokar hayaƙi, da kuma inji ya yi ƙarko. Wannan ratar mai gyaran yake ci. Motar kuwa ta canza, ina taka totur sai ta zabura, na ji daɗinta ƙwarai.

Bayan haka kwamfuresan na'urar sanyaya mota ya mutu. Na je wurin dila ina tunanin za su ƙi, sai suka canza shi a garanti ba musu, don babu abin da ya haɗa shi da abin da na taɓa. Daga baya turbo ya fara kuka yana shan baƙin mai. Mai gyaran ya mayar min da manhajar asali kafin in kai, amma suna jona kwamfutarsu suka gani. Ƙwaƙwalwar motoci da yawa tana ƙirga sau nawa aka rubuta ta, akwai lambar tantance manhaja da ake gwadawa da ta kamfani, wasu ma suna ajiye mafi girman matsin iskar da turbo ya taɓa kaiwa. Masu Audi da Volkswagen sun san alamar TD1, wadda ake maƙala wa lambar motar da aka gano an taɓa injinta. Turbo dai ni na biya, kuma har ga Allah ban ga zaluncinsu ba, ni na sa shi aikin da ya wuce abin da suka yi alkawari a kansa.

Abin da na gane shi ne garanti ba ya rushewa gaba ɗaya, ɓangaren da canjin ya shafa ne yake fita. A Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta tsaya a kan haka: sai kamfani ya nuna canjin ne ya jawo lalacewar. Sai dai kada wannan ya ruɗe ka, idan ka ƙara matsin iska turbo ya lalace, ko giyabos ya gaza ɗaukar ƙarfin, nuna alaƙar ba wuya gare su. Dokar Tarayyar Turai ta 2010 da ta ba ka damar yin sabis wurin makaniken da ba na dila ba, sabis take nufi, ban da sake rubuta inji. Kashe aikin matatar hayaƙi ta hanyar manhaja kuwa ya wuce batun garanti, laifi ne a ƙasashe da dama. Inshora ma tana son a sanar da ita.

Saitin ɓoye ma ba wasa ba ne idan ya kai ga birki ko jakar iska, waɗannan ban taɓa kusantarsu ba. Yanzu kafin in canza wani abu nakan karanta takardar garantin, in tambayi dila a rubuce, in ajiye amsar. Wanda ƙarin ƙarfi yake so ya fara tambaya ko kamfanin yana da nasa, kamar yadda Volvo take sayar da manhajar ƙara ƙarfin inji ta Polestar ta hannun dilolinta garanti na nan daram. In babu, ya jira garantin inji da giyabos ya ƙare.